Asusun Kali: wa zai biya kuɗin bayanan ƙwayar halitta?

Duk wanda ya san kasuwar Mile 12 ta Legas ya san kaya ba sa wucewa sai an yi ciniki. Buhun wake, ɗanyen zogale, man kaɗanya, kowanne da mai shi. Haka dokar duniya ta ɗauki tsirrai da dabbobi tun yarjejeniyar Riyo ta 1992 kan kare nau'o'in halittu: kowace ƙasa ke da iko da halittun da ke cikinta. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta ƙara da cewa mai son ɗibar samfuri sai ya nemi izini, kuma a yi yarjejeniyar raba amfani.

To, sai fasaha ta kewaye dokar. Yau ba sai an loda saiwa ko iri a jirgin ruwa a Apapa ba. Masani zai karanta jerin ƙwayar halittar tsiron a ɗakin bincike, ya mayar da shi rubutu, ya ɗora a rumbunan intanet irin su GenBank na Amurka. Daga nan kamfanin magani ko na man shafawa zai sauke shi kyauta, ya ƙera kayansa, bai taɓa ganin bishiyar ba, balle matar da ta san amfaninta tun kaka da kakanni.

Wannan giɓi aka yi niyyar toshewa a taron ƙasashen yarjejeniyar Riyo a Montiriyal ta Kanada a 2022, aka kuma fitar da tsarin a birnin Kali na Kolombiya a 2024. Manyan kamfanonin magani, kayan kwalliya, kiwo da inganta iri da makamantansu za su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na ribarsu, ko kashi 0.1 cikin 100 na cinikinsu, a asusu guda, wato Asusun Kali. Babba a nan shi ne wanda ya haura biyu daga cikin ukun nan: kadarar dala miliyan 20, cinikin miliyan 50, ribar miliyan 5. Jami'o'i da rumbunan bayanai na jama'a ba a ɗora musu komai ba. Aƙalla rabin kuɗin an ware shi don 'yan asalin wuri da al'ummomin karkara masu kula da dazuzzuka.

Sai dai fa an rubuta "ya kamata su biya", ba "dole" ba. Ɗan kasuwar Agege zai gaya maka bashin da aka bar wa mai ci ya biya in ya ga dama, sunansa kyauta. Amurka ma, inda da yawa daga cikin kamfanonin suke, ba ta cikin yarjejeniyar Riyo tun asali. Saura ya rage ga kowace ƙasa ta sa wa kamfanoninta doka a gida.

An buɗe asusun a birnin Rum na Italiya a Fabrairun 2025. Najeriya na cikin yarjejeniyar, kuma rabon ƙasashe ta hannun hukumomin da kowace gwamnati ta ayyana zai bi kafin ya kai ƙauye.