Mai gadi da mai shara ma ma'aikatan lafiya ne

Abokan aikina na asibitoci da gidajen likita na jihar Maraɗi, ina roƙon mu sake duba su wa muke kira idan an ce taron ma'aikata lokacin annoba. Sau da yawa likitoci da majo (ma'aikatan jinya) da ungozoma ke shiga ɗaki su rufe ƙofa, a bar mai gadi da mai shara da direban motar marasa lafiya a waje. Alhali su ne kan gaba wajen cuɗanya da cuta.

Annoba ba baƙuwarmu ba ce. Kwalara ta shiga gundumar Madarumfa a damanar 2018, ta sake dawowa a 2021. Tsakanin nan korona ta iso, aka tabbatar da mutum na farko a Yamai ranar 19 ga Maris 2020. Ga iyakar Ɗan Isa da Jibiya ta Najeriya, jama'a na kai da komo kullum. Duk wanda ya yi aiki a waɗannan shekaru ya san ba daga ofishin likita ake fara tare cuta ba. Daga bakin ƙofa ne, inda mai gadi zai ce a wanke hannu, ya nuna wa mai tari ko mai zawo da amai hanyarsa daban. In ba a koya masa alamomin ba, sai mara lafiya ya zauna cikin layi tare da masu awon ciki.

Batun mai shara ya fi damuna. Shi ke kwashe amai da kashi, shi ke haɗa ruwan jabel na kashe ƙwayoyin cuta. A wurin jinyar kwalara haɗin iri uku ne: kashi 0,05 cikin ɗari na wanke hannu, 0,2 na gado da daɓe, kashi 2 na amai da zawo. In ya yi ruwa-ruwa ba ya kashe ƙwayar cuta, in ya yi ƙarfi ya ci fata. Kuma haɗin da ya kwana ko ya sha rana ƙarfinsa na raguwa. Wannan ilimi ne, sai an zauna an koya wa mutum, an ba shi safar hannu da takalmin roba daidai da na kowa.

Wajen tuɓe kayan kariya kuma kada kowa ya yi shi kaɗai. Mutum ya gaji, zafin Maraɗi ya gasa shi cikin rigar roba, nan ne hannu ke kai wa fuska. Abokin aiki ya tsaya yana kallo yana tunatarwa, ko da ƙarami ne yake gyara wa babba. Wallahi ba raini ba ne.

Lokacin miƙa aiki a faɗi komai da baki, a kuma rubuta: wa ake zargi da cutar, wa aka ɗauki samfurinsa, ledar ƙarin ruwa nawa ta rage. Wanda ya ji zazzaɓi a jikinsa ya faɗa, a sallame shi ya huta ba tare da gori ba.

Ku kuma ƴan uwa masu jinya, don Allah in mai gadi ya ce mutum ɗaya ne zai shiga da mara lafiya, ku yi haƙuri ku bi. Umarnin likita yake isarwa, kuma yana kare yaran da kuka baro a gida ne.