Mazaunin bututun harba wasan wuta na gida a Amurka

Mazaunin bututun harba wasan wuta wani firam ne, galibi na katako, da ake jera bututu da dama a tsaye a cikinsa domin a harba dunƙulen wuta zuwa sama ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an riƙa komawa ana sake ɗura bututu guda ba. Kamfanonin da ke shirya wasan wuta a manyan bukukuwa suna da nasu manya, amma wanda ake magana a kai a nan shi ne ƙaramin da masu sha'awa ke haɗawa da kansu don yin wasa a filin bayan gida. An fi saninsa a Amurka, inda harba wuta a daren 4 ga Yuli ya zama al'ada tun bikin cika shekara guda da ayyana 'yanci, wanda aka yi a Philadelphia a 1777. Mazaunin ba ya ɗauke da albarushi, katako ne da roba kawai, sai dai duk fasalinsa an tsara shi ne saboda ranar da dunƙule zai fashe a inda bai kamata ba.

Yadda dunƙulen ke tashi

Dunƙulen da ake sayar wa jama'a yana zuwa ne a siffar ƙwallo ko ta gwangwani, an naɗe shi da kwali ko roba, da dogon lagwani a jikinsa. A ƙasansa akwai albarushin ɗagawa. Idan wutar lagwani ta isa gare shi sai ya ƙone nan take, iskar da ta fito ta rasa hanyar fita sai bakin bututu, ta cilla dunƙulen sama. A daidai wannan lokaci wani gajeren lagwani na ciki yake kamawa, yana ci a hankali har dunƙulen ya kai ƙololuwar tashinsa, sannan ya kunna albarushin da ke tsakiya, wanda ke watsa ƙananan ƙwayoyin da masu sana'ar ke kira taurari. Launin taurarin daga gishirin ƙarafa yake fitowa: sitirontiyom ja, bariyom kore, tagulla shuɗi, sodiyom rawaya. Mafi yawan kayan da ake harbawa a Amurka daga Sin ake shigo da su, kuma garin Liuyang na lardin Hunan shi ne cibiyar wannan sana'a.

Tun 1991 hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta Amurka, CPSC, ta haramta sayar wa jama'a dunƙulen da faɗinsa ya wuce inci 1.75, wato kimanin milimita 44, kuma ƙa'idar masana'antar ta taƙaita sinadaran da ke cikin kowane ɗaya zuwa giram 60. Shi ya sa bututun gida kusan duk girmansu ɗaya ne, faɗin cikinsu inci 1.91, tsawonsu kuwa inci 12 ko 15. Ɗan ratar da ke tsakanin dunƙule da jikin bututu ba a banza aka bar shi ba. Idan ya yi yawa iskar ɗagawa za ta zurare ta gefe, dunƙulen ya tashi a raunane ya fashe a ƙasa-ƙasa. Idan kuma ya yi matsi, dunƙulen na iya maƙalewa bai kai gindi ba.

Dalilin yin mazauni

Kwalin dunƙule da ake saya a shago yakan zo da bututu ɗaya ko kaɗan, masu gindin roba ko katako. Mai harbawa zai zura dunƙule, ya kunna, ya ja da baya, ya dawo cikin duhu da hayaƙi ya sake zura wani a bututun da bai gama hucewa ba, wanda wataƙila akwai sauran garwashin kwali a cikinsa. Wannan komawar ce mafi haɗari a duk daren, domin a lokacinta ne hannu da fuska ke kusantar bakin bututu. Bugu da ƙari, bututu guda mai ƙaramin gindi yana saurin kifewa a kan ciyawa ko ƙasar da ba ta daidaita ba. Mazauni yana magance duka biyun: ana ɗura kowane bututu sau ɗaya tun da rana, ana gani, kuma nauyin firam ɗin yana riƙe su a tsaye. Ƙawata wasa da harbi a jere riba ce ta biyu, ko da yake ita ce ke fara jawo yawancin mutane zuwa aikin.

Bututun

Babu abin da masana harkar suka fi nanatawa kamar irin bututun da za a sa. Wanda aka amince da shi shi ne na robar HDPE mai kauri, sai kuma na zaren gilas da aka ƙera musamman don harba wuta. Dalilin yana cikin yadda kowanne ke lalacewa. Idan dunƙule ya fashe a cikin bututun HDPE, robar takan kumbura ta yage, amma ba ta tarwatsewa. Bututun PVC na aikin famfo kuwa, wanda ke da araha kuma ake samu a kowane shagon kayan gini, fashewa yake yi kamar tangaran, ya watsa ɓaraguzai masu tsini da kaifi ta ko'ina, kuma waɗannan ɓaraguzai ba sa fitowa sosai a hoton asibiti idan sun shige jiki. Saboda haka an yi ittifaƙi a kan cewa ba a amfani da PVC ko kaɗan, haka ma robar ABS. Ana toshe gindin kowane bututu da toshiyar katako mai kauri da aka ɗaure da kyau, domin a kanta ne ƙarfin ɗagawa ke sauka. Bututun kwali yana aiki, sai dai danshi da yawan harbi suna raunana shi da wuri.

Firam ɗin

Fasalin da aka fi gani mai sauƙi ne ga duk wanda ya taɓa aikin kafinta: falanki mai kauri a ƙasa, ginshiƙi a kowane ƙarshe, sai sanduna biyu-biyu da ke riƙe bututun ta gefe, wasu kusa da baki, wasu kusa da gindi. Jeri ɗaya yakan ɗauki bututu shida zuwa goma. Ana barin tsakiyar firam ɗin a buɗe da gangan. Mutumin da bai san harkar ba zai ɗauka cewa akwati rufaffe ya fi ƙarfi, alhali kuwa rufewar ce ke tara matsin fashewa har ta mayar da katakon kansa abin jifa. Idan tsakiya a buɗe take, bututun da ya yage yana samun inda zai fitar da ƙarfinsa.

Tsakanin bututu da bututu ana sa ɗan guntun katako domin kada su manne. A nan ra'ayi ya rabu, domin akwai masu jera su a manne don rage girman firam da kuɗin katako, amma hujjar masu barin tazara ta fi ƙarfi: bututun da ya fashe a jikin ɗan'uwansa yana iya matse shi ko ya karkatar da shi yayin da lagwaninsa ke ci. Ana haɗa katakon da gam da ƙusoshi masu zare da ake murɗawa, domin ƙusar bugawa tana sassautawa da girgizar harbi. Akwai kuma mazaunin da ake karkatar da bututunsa hagu da dama domin wuta ta bazu a sama, da wanda ake yi a cikin kwandon roba na ɗaukar madara. Na farkon yana buƙatar fili mai faɗi ƙwarai ta gefe biyu.

Jeri ɗaya siriri ne kuma dogo, don haka ba ya tsayawa da kansa yadda ya kamata. Ana ƙara masa ƙafafu masu faɗi a ƙarshe biyu, ko a haɗa jeri biyu ko uku wuri guda, ko a kafa turaku a ɗaure shi, ko a tokare shi da buhunan yashi. Yadda ake fuskantar da shi ma yana da ƙa'ida: ana ajiye shi ƙarshensa na kallon 'yan kallo, ta yadda idan ya faɗi ta gefe bakin bututun ba zai nufi mutane ba.

Lalacewa da tazara

Hanyoyin da harbi ke ɓaci sanannu ne. Dunƙule yana iya fashewa a cikin bututu ya feso taurari daga baki, ko ya fashe da fitarsa, ko ya tashi ya faɗo bai fashe ba, ko lagwani ya ci ya yi shiru sannan ya tashi bayan an ɗauka ya mutu. Zura dunƙule a kife, wato albarushin ɗagawa na sama, yana daga cikin manyan musabbabin fashewa a cikin bututu. Ko ƙwararru ba su tsira ba: a 4 ga Yuli 2013, a garin Simi Valley na jihar Kalifoniya, dunƙule ya fashe a bututunsa a wani wasan jama'a, ya kifar da na kusa da shi suka yi ta harbi ta wajen 'yan kallo, mutane da dama suka jikkata. A rana irin wannan a 2021, mai tsaron ragar wasan hoki ɗan ƙasar Latbiya, Matiss Kivlenieks, ya rasu yana da shekara 24 a garin Novi na jihar Michigan, bayan wani bututun harbi ya karkata a wajen wani taro a gida, wuta ta same shi a ƙirji.

Ƙa'idar NFPA 1123 ta ƙungiyar kare gobara ta Amurka, wadda aka rubuta don wasan ƙwararru, ta ce a bar ƙafa 70 tsakanin wurin harbi da 'yan kallo a kan kowane inci na faɗin bututu. Idan aka auna bututun gida da wannan ma'auni za a samu kimanin ƙafa 134, sama da mita 40 ta kowane gefe, kuma gidaje kaɗan ne a cikin gari ke da fili irin wannan. Hukumar CPSC ta ƙiyasta cewa mutum 9,700 aka yi wa jinya a sashen gaggawa saboda wasan wuta a 2023, kuma takwas suka mutu. A 2020, shekarar da annoba ta soke bukukuwan jama'a mutane suka koma harbi a gida, adadin waɗanda aka yi wa jinya ya kai 15,600. Shawarar hukumar ita ce kada a ɗora wani sashe na jiki a kan bakin bututu, kada a sake kunna wanda ya ƙi tashi, a ajiye bokitin ruwa ko tiyo kusa, kuma a kunna ɗaya-ɗaya. Wannan na ƙarshen ya saɓa wa al'adar masu mazauni ta haɗa lagwani da yawa a igiya guda, domin da zarar igiyar ta kama babu mai iya tsayar da ita. Shi ya sa wasu suka koma kunnawa da na'urar lantarki daga nesa.

Doka

Dokar tarayya ta raba kayan wasan wuta gida biyu: na jama'a, masu lamba 1.4G, da na ƙwararru, masu lamba 1.3G, waɗanda sai da lasisi ko izinin ATF, hukumar tarayya mai kula da makamai da abubuwan fashewa, ake mallakarsu. Mazaunin gida na rukunin farko ne kawai, kuma haɗa firam bai ba kowa izinin buɗe dunƙule ko sauya abin da ke cikinsa ba. Jihohi sun bambanta sosai. Massachusetts ta haramta wa jama'a kowane irin wasan wuta, wasu jihohin sun yarda da masu tartsatsi a ƙasa kaɗai, wasu kuma sun yarda da masu tashi sama, sannan gundumomi da birane suna ƙara nasu takunkumi, musamman a lokacin fari. A Birtaniya, inda ake wasan wuta a daren 5 ga Nuwamba, an haramta sayar wa jama'a irin wannan dunƙule tun bayan mace-macen da aka samu a 1996, don haka mazaunin bututu a can kayan aikin ƙwararru ne kawai.