Waiwaye: Yadda fararen beyar suka koma cin mushe a gaɓar Alaska

Kaktovik ƙauye ne na 'yan ƙabilar Inupiyat a tsibirin Barter, can arewacin Alaska ta Amurka, mutanensa ba su kai 300 ba. Duk kaka, idan mafarauta suka kamo dabbar wel, wato ƙatuwar dabbar teku mai siffar kifi, wadda doka ta ba su damar kama uku a shekara, sai a raba nama da kitse gida-gida, a kai ƙasusuwa bayan gari. Nan fararen beyar ke taruwa, wani lokaci gommai, ga hankaki da tsuntsayen teku da yanyawar ƙanƙara suna jiran rabonsu, tamkar ungulaye a mahauta. Har beyar mai ruwan ƙasa kan zo daga tudu, kuma duk da bai kai farin girma ba, sau da yawa shi ke korar sa.

A da, bindiga ce babbar barazana ga farin beyar. Shi ya sa a 1973 Amurka, Kanada, Denmak, Norwe da Tarayyar Sobiyet suka ƙulla yarjejeniya a Oslo don taƙaita farautarsa. An samu sauƙi, sai kuma matsala ta ɓullo ta inda doka ba ta kai ba.

Abincin farin beyar na asali shi ne dabbar ruwa da ake kira sil, wadda yake yi wa kwanto a bakin ramin da take leƙowa shan iska a kan ƙanƙarar teku. Tun 1979 da tauraron ɗan'adam ya fara auna ƙanƙarar nan, ta bazara sai raguwa take yi, a 2012 ta yi ƙarancin da ba a taɓa gani ba. Idan ta janye nesa da gaɓa, farin beyar ya rasa wurin farauta, dole ya zauna a tudu makonni yana bin warin mushe. A 2008 Amurka ta sa fararen beyar cikin dabbobin da ke fuskantar barazana, kuma bincike ya nuna yawansu a kudancin tekun Beaufort, wanda Kaktovik ke gaɓarsa, ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100 tsakanin 2001 da 2010.

A Rasha ma haka zancen yake. A 2017 an ga fararen beyar fiye da 200 kewaye da mushen wel guda a tsibirin Wrangel. A Fabrairun 2019 kuwa, sama da 50 suka mamaye garin Belushya Guba suna tonon juji, har aka kafa dokar ta-ɓaci.

A ganina, masu ɗora wa mutanen Kaktovik laifin jawo dabbobin nan ba su yi musu adalci ba. Farautar wel gadonsu ce tun kaka da kakanni, kuma ragowar wel uku ba za ta ciyar da ɗaruruwan beyar ba. Su ne kuma ke sintiri cikin dare suna korar dabbobin daga tsakanin gidaje, domin yara su samu zuwa makaranta da safe lafiya.