Waiwaye: Tafiyar binciken cutar sikila daga madubin likita zuwa gyaran ƙwayar gado

Tun kafin wani likita ya ɗora ɗigon jini a ƙarƙashin madubi, iyayenmu sun san amosanin jini. Sun san yaron da hannuwansa da ƙafafunsa ke kumbura tun yana goye, wanda idanunsa ke yin ɗorawa, wanda ke kwana yana kukan ƙashi da zarar damina ta kankama ko hunturu ya shigo. Sun kuma lura abin yana bin gida. Abin da ya ɓoye musu shi ne inda ɓarnar take farawa, kuma wannan ne ya ɗauki masu bincike rabin ƙarni kafin su kai gare shi.

A 1904 wani ɗalibin likitancin haƙori mai suna Walter Clement Noel, ɗan tsibirin Giranada, ya je asibiti a Shikago ta Amurka yana fama da rashin jini. Ƙaramin likita Ernest Irons ne ya duba jininsa, ya ga jajayen ƙwayoyin sun miƙe sun lanƙwashe maimakon su zama zagaye kamar faifai. Maigidansa James Herrick ya wallafa bayanin a 1910, ya kwatanta su da lauje, kuma daga sunan lauje a Turanci ne muka samu kalmar sikila. Noel ya koma gida ya yi aikinsa, ya rasu a 1916. A 1927 wasu masu bincike, Hahn da Gillespie, suka nuna cewa ƙarancin iskar oksijin ne ke sa ƙwayar ta lanƙwashe, idan aka mayar mata da iskar kuma sai ta warware.

Babban juyin ya zo a 1949. Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu a Kalifoniya suka ware himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jan jini, suka sa masa lantarki. Na mai sikila bai yi tafiya daidai da na mai lafiya ba. Na mai ɗauke da gadon cutar amma bai kwanta ba kuwa sai ya rabu gida biyu, rabi nan rabi can. Wannan ne karo na farko da aka kama wata cutar ɗan Adam a jikin sinadari guda, aka ce ga mai laifin. A shekarar ce kuma James Neel ya tabbatar da yadda ake gadonta: sai uwa da uba sun haɗu sun bayar. Lissafin AA (mai lafiya) da AS (mai ɗauke da gadon) da SS (mai cutar) da ake yi wa masu neman aure a yau daga nan ya samo tushe.

Vernon Ingram ya ƙarasa aikin a Kambirij ta Ingila tsakanin 1956 da 1957. A ɗauki ɗaya daga cikin sarƙoƙin himogulobin kamar carbi mai ƙwaya 146. A wurin mai sikila duk ƙwayoyin daidai suke in ban da ta shida, inda wani sinadari mai gudun ruwa, balin, ya maye gurbin gulutamik mai son ruwa. Shi ke nan bambancin. Da zarar himogulobin ya sauke iskarsa, wannan gurbi mai gudun ruwa sai ya nemi inda zai lafe a jikin maƙwabcinsa, shi ma maƙwabcin ya kama na gaba, har su zama dogayen zaruruwa masu tauri da ke tokare ƙwayar daga ciki. Ƙwayar da ta taurare ba ta iya ratsa ƙananan hanyoyin jini, sai ta toshe su, naman da ke gaba ya rasa iska, ciwo ya tashi. Ga ta kuma da gajeren kwana: lafiyayyar ƙwaya tana kai kwana 120, ita kuwa tsakanin 10 da 20 ta fashe. Rashin jinin, da ɗorawar ido, da mutuwar saifa tun ana yaro, duk daga wannan gurbi ɗaya suke.

To me ya sa gado mai kisa irin wannan bai ƙare ba? Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya amsa a 1954: mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, don haka a ƙasar sauro shi ne ke rayuwa ya haifa. Ƙasar Hausa ta ba da tata shaidar. A binciken maleriya da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi a Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa, daga 1969 zuwa 1976, Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokansa sun auna jinin mutanen ƙauyukan. Kimanin jarirai 2 cikin 100 SS ne, amma da ƙyar ake samun mai SS cikin manya. Ba warkewa suka yi ba, mutuwa suke yi kafin su girma. Har yanzu ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ana haifar yara kusan 150,000 da cutar a Najeriya duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Abin takaicin shi ne, sanin gurbin ɓarnar bai kawo magani da wuri ba. Shekara talatin bayan Ingram, abin da ya fi ceton rai shi ne fenisilin: gwajin da aka bayyana a Amurka a 1986 ya nuna ba wa ƙananan yara shi kullum yana rage mummunan kamuwa da ƙwayar cutar nimoniya da kashi 84 cikin 100.

Hanyar da ta ɓulle ta fito ne daga wata lura da aka daɗe ba a ba ta muhimmanci ba. A 1948 wata likitar yara a Niyok, Janet Watson, ta lura jarirai masu sikila ba sa nuna alama a watannin farko, ta danganta hakan da irin himogulobin da ɗan tayi ke amfani da shi a ciki. Wannan nau'in ba ya shiga cikin zaruruwan nan, hasali ma yana hana su haɗuwa. Bayan haihuwa jiki yakan kashe shi a hankali ya kunna na manya, kuma a lokacin ne, wajen wata shida, ciwon ke bayyana. Duk uwar da ta raini mai sikila ta san wannan lokaci ko ba a faɗa mata dalili ba. Tambayar masu bincike sai ta zama: za a iya sake kunna na tayin?

Amsar farko ita ce haidiroksiyuriya, tsohon maganin kansar jini da aka gano yana ɗaga himogulobin na tayi. Gwajin 1995 ya nuna yana rage tashin ciwo da kusan rabi, Amurka ta amince da shi a 1998. Amsa ta biyu ta ɗauki lokaci. Tsakanin 2007 da 2008, binciken ƙwayoyin gadon dubban mutane ya nuna wata ƙwayar gado mai suna BCL11A, sannan ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston ya tabbatar ita ce makunnin da ke kashe na tayin. Da fasahar CRISPR ta bayyana a 2012, wadda ke yanka ƙwayar gado a daidai inda aka so, sai aka samu almakashin. Ana ɗebo uwayen ƙwayoyin jini na majinyaci, a lalata makunnin a ɗakin gwaji, a share ɓargonsa da magani mai ƙarfi, sannan a mayar masa da nasa da aka gyara. A lura, gurbi na shida yana nan yadda yake, ba a taɓa shi ba. Zagaye shi aka yi. Victoria Gray ta Misisipi ce mai sikila ta farko da aka yi wa a Amurka, a 2019. Birtaniya ta amince da maganin, Casgevy, a Nuwamban 2023, Amurka ta bi a Disamba.

Kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, ban da makonnin kwanciya a asibiti da haɗarin rasa haihuwa saboda maganin share ɓargon. A ganina, ga mai ɗa a Gumel ko Maraɗi wannan labari ne na ji kawai, aƙalla a yanzu. Ba kowane abin da ya yi kyau a kwalbar gwaji ne ke tsira ba ma: maganin Oxbryta, wanda aka ƙera don ya hana zaruruwan haɗuwa kai tsaye, kamfanin Pfizer ya janye shi daga kasuwa a Satumban 2024 saboda damuwa kan mace-mace.

Binciken da ya fi kusa da mu an yi shi ne a Kano da Kaduna, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da Barau Dikko, tare da Jami'ar Vanderbilt. A Amurka, yaron da awon kai ya nuna yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki ana yi masa ƙarin jini duk wata, abin da asibitocinmu ba za su iya ɗauka ba. Sai aka gwada haidiroksiyuriya a kan yara 220. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna ƙaramin awo na miligiram 10 kan kowane kilo yana kare su daga shanyewar kamar yadda ninkinsa ke yi, duk da cewa waɗanda suka sha ninkin sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti.