Taransifa da POS: Tambayoyi Kan Yadda Waya Ta Shiga Aljihunmu

A da, ɗan ci-rani a Legas in zai aika wa iyalinsa kuɗi gida, sai ya nemi direban mota ko ɗan gari mai komawa, ya ƙulle kuɗin a leda ya damƙa masa amana. Yau mai shayi ma ya manna lambar akawun a jikin teburinsa. Ga tambayoyin da aka fi yi kan wannan sauyi.

Yaushe abin ya soma?

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya a 2001, da MTN da Econet. A 2012 Babban Bankin Najeriya ya gwada shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas, a 2013 ya fitar da ƙa'idojin wakilan banki, waɗanda su ne tushen sana'ar POS, a 2014 kuma aka kawo BVN, lambar tantance mai akawun a banki. Duk da haka talakan Arewa ya ci gaba da riƙe kuɗinsa a hannu.

Canjin kuɗi ne ya tura kowa. Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kai tsofaffin kuɗi banki, sababbin kuwa ba su wadata ba. Aka riƙa yin sammako zuwa layin ATM, ana sayen naira da naira. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, ranar 3 ga Maris ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. A waɗannan makonni ne mahauci da mai kayan miya da mai Adaidaita suka buɗe akawun a OPay ko Moniepoint ko PalmPay, ba don sha'awa ba, don dole. Da kuɗi suka dawo, ba su koma gidan jiya ba.

Sana'ar POS aikin yi ce ta gaske?

Ƙwarai kuwa. Lema, tebur, kujera, na'ura da ɗan jari, shi ke nan matashi ya samu wurin zama da safe. A wurare da yawa ana karɓar naira 100 a kan 5,000, kuma da wannan ɗari-ɗarin ake ciyar da gida, ake biyan kuɗin makaranta. A ƙauyen da banki bai taɓa buɗe reshe ba, mai POS shi ne bankin.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Yanzu sai ka ga lema biyar a layi ɗaya, riba ta rarrabu. Da yawa daga cikin yaran da ke zaune a wurin ba na'urarsu ba ce, ɗan albashi ake ba su, in kuɗi ya yi gibi su za su biya. Kowa kuma ya san akwai tsabar kuɗi a jakarsu, har da ɓarayi. Sana'a ce ta juya kuɗin da wani ya riga ya samo, ba za ta maye gurbin masaƙun Kakuri da masana'antun Sharaɗa da Bompai da suka durƙushe ba.

Wa ya fi cin moriya?

Fatake sun huta. Mai sayen shanu a Potiskum ko Maigatari, da mai sarin hatsi a Dawanau, ba sai ya ɗaura miliyoyi a ƙugu ya bi hanyar da ake tare mutane ba.

A ganina dai matan gida ne suka fi samun sauyi. Mace tana ɗakinta ta haɗa turaren wuta ko yajin daddawa, ko ta sari atamfa daga Kantin Kwari, ta ɗauki hoto ta ɗora a WhatsApp. Mai saye ta turo kuɗi, ɗan aike ya kai kaya tasha, gobe suna Jos ko Abuja. A da cinikinta bai wuce inda ƙafar 'yar talla za ta kai ba, ribar kuma sai ta bi ta hannu biyu ko uku kafin ta iso gare ta. Yanzu kuɗin na faɗawa akawun ɗinta kai tsaye, ta yi zubin adashi ba tare da ta leƙa zaure ba. Duk gidan da wannan ya sa aka sauke wa yarinya farantin talla aka mayar da ita aji, an yi babbar riba.

Wa aka bari a baya?

Wanda bai yi boko ba, da tsoho, da mutumin ƙauye. Tsaya kusa da mai POS ranar da aka biya fansho ka gani: dattijo zai zaro katinsa daga aljihun 'yar shara, ya miƙa, yaron ya ce, "Baba, sa lambarka." Shi kuwa sai ya faɗe ta da ƙarfi, ko ya ce, "Ɗana, danna mini." Sirrin dukiyarsa ke nan ya bayar a bainar jama'a, saboda rubutun da ke jikin na'urar ba yarensa ba ne. Wannan abu yana ci mini rai, domin ba wauta ce ta sa shi ba, ba a yi tunaninsa ba ne lokacin da ake tsara abin.

Sai batun sabis. A Satumba 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Masu POS suka naɗe lema, mutane suka riƙa tafiya wasu garuruwa don kawai su buga waya ko su ciri kuɗi.

Yaya ake kauce wa alat na bogi da 'yan damfara?

Kada ka saki kaya don an nuna maka hoton risiti ko saƙon tes ya shigo. Buɗe akawun ɗinka ka ga kuɗin da idonka. Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, yana neman lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka yanzu, ɓarawo ne, kashe wayar. In wayarka ta ɓace, fara rufe layi da akawun kafin cigiya.

Cajin mai POS halal ne?

Malamai da dama suna ɗaukarsa ladan aiki, tunda mutum ya je ya nemo kuɗin, ya zauna, ya ɗauki kasada. Abin da aka yi tir da shi shi ne tsawwala farashi lokacin da jama'a ke cikin ƙunci, kamar yadda aka gani a 2023.

Zumunci fa?

Nan akwai zaƙi da ɗaci. Mara lafiya yana gadon asibiti, cikin minti biyu ɗan'uwansa na Fatakwal ya biya kuɗin magani. Amma gudunmawar biki da ta suna, har da sadakar mamaci, sun koma "turo akawun". Kuɗin na isa, mutumin ba ya zuwa. Tsohuwar da aka saba kai wa goron Juma'a hannu da hannu, a zauna a gaisa, yanzu jikanta ne ke karɓo mata a wurin mai POS. Ni dai ina ganin a tura kuɗin, ƙafa kuma ta biyo baya.

In an cire kuɗina amma bai shiga ba, me zan yi?

Karɓi takardar da na'urar ta fitar, ko ka ɗauki hotonta, ka kai ƙorafi bankin da ya ba ka katin, ba wurin mai POS ba, domin kuɗin bai taɓa hannunsa ba. Ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2020 ta ce a mayar da kuɗin POS da ya maƙale cikin sa'o'i 72. Ka nemi lambar ƙorafinka ka ajiye. In banki ya yi ta jan ƙafa, Babban Bankin yana da sashen kare haƙƙin abokan hulɗar bankuna, can za ka ɗaukaka maganar.