Waiwaye: Charles Goodhart da ma'aunin kuɗin da ya daina faɗin gaskiya

A shekarar 1975, a wani taro da Babban Bankin Ostireliya ya shirya, wani ma'aikacin Bankin Ingila mai suna Charles Goodhart ya gabatar da maƙala kan yadda ake tafiyar da harkar kuɗi a Birtaniya. A cikinta ya faɗi wata magana da har yau ake kira Dokar Goodhart: alƙaluman da aka saba dubawa don gane halin da tattalin arziki ke ciki, da zarar hukuma ta mayar da su linzamin juya kuɗi, sai su daina faɗin gaskiya. Dalili kuwa, waɗanda ake aunawa ba duwatsu ba ne. Bankuna na jin an ce ga mudun da za a riƙa auna su da shi, sai su canja salon zuba hatsi.

An haifi Goodhart a 1936, ɗan wani shehin malamin shari'a ne a Oxford. Ya yi karatu a Cambridge, ya samu digirin digirgir a Harvard a 1963, ya shiga Bankin Ingila a 1968, inda ya shafe shekara 17 yana ba da shawara.

Ba a daɗe ba maganarsa ta fito fili. Margaret Thatcher ta hau mulkin Birtaniya a 1979, farashin kaya na hauhawa har ya haura kashi 20 cikin 100 a 1980. Gwamnatinta ta ɗauki ma'aunin yawan kuɗi da ake kira M3, ta ce kada ƙaruwarsa ta wuce kashi 7 zuwa 11 a shekara. An kai kuɗin ruwa kashi 17. Masana'antu suka yi ta rufewa, marasa aikin yi suka kai miliyan 3 a 1982, shi kuwa M3 ya zarce iyakar nesa ba kusa ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, da aka cire wa bankuna takunkumin ba da rance a 1980, bashin da suka riƙa zagayawa da shi ta bayan littafi ya dawo cikin lissafi gaba ɗaya. Abin da ke ci mini rai ke nan: iyalai sun sha wuya da gaske, alhali ma'aunin da ake kallo ya riga ya lalace. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 aka jingine shi.

A Satumban 1983 kuɗin Hong Kong ya faɗi warwas, jama'a suka afka kantuna suna kwashe shinkafa. Goodhart na cikin waɗanda aka tura daga Landan, ya goyi bayan a ɗaure kuɗin da dalar Amurka, ana canzar da kowace dalar Amurka ɗaya a kan dalar Hong Kong 7.80. Tsarin na nan har yau.

Ya koma koyarwa a LSE, jami'ar nazarin tattalin arziki ta Landan, a 1985. Da aka bai wa Bankin Ingila ikon yanke kuɗin ruwa da kansa a 1997, yana cikin 'yan kwamitin farko, ya zauna har 2000.

Tsufa bai sa ya yi shiru ba. A 2020, lokacin da masana ke fargabar farashi ya ƙi motsi, shi da wani masanin tattalin arziki, Manoj Pradhan, suka fitar da littafi suna cewa tsufan al'umma da ƙarancin ma'aikata, musamman a Sin, za su dawo da tsadar kaya. A Oktoban 2022 hauhawar farashi a Birtaniya ta kai kashi 11.1, ko da yake tsadar iskar gas bayan yaƙin Yukiren ta ba da nata kason mai yawa.