Idan ƙaramar hukuma ta yi kuskure a izinin gini a Ingila, ina makomar maƙwabci?

Wane irin kuskure ake nufi?

A Ingila ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin gini, bisa dokar tsara birane ta 1990. Kafin ta yanke shawara sai ta sanar da jama'a, ta wasiƙa ko ta takardar da ake liƙawa a wurin, a ba su kwana 21 su faɗi albarkacin bakinsu. Wani lokaci sanarwar ba ta fita. Wani lokaci jami'i bai lura tagar bene za ta riƙa leƙa gidan wani ba, ko a manta da wani sharaɗi.

Maƙwabci zai iya ɗaukaka ƙara?

A'a, kuma nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Wanda aka hana izini yana da wannan dama, amma wanda ginin zai tare wa rana ba shi da ita. Hanyarsa ita ce Babbar Kotu, cikin mako 6 kacal, ga tsadar lauya. Kotun ma ba ruwanta da kyan gini ko muninsa, abin da take dubawa shi ne ko an bi doka.

An taɓa soke izini bayan wa'adin ya wuce?

An taɓa. A 2011 ƙaramar hukumar Wirral ta fitar da takardar izinin kafa manyan tantunan biki uku a harabar wani babban gida mai suna Thornton Manor. Kwamitin ya amince da shekara 5 ne kawai, amma takardar ta fito babu sharaɗi ko ɗaya. Wani otal da ke kusa ya kai ƙara a 2017, kotu ta soke izinin a 2018, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2019. Sai dai alƙalan sun nuna ba kasafai ake yin wannan sassauci ba. Kuma a lura, mai ƙarar otal ne. Mai gida ɗaya da ke rayuwa da albashi da wuya ya jure irin wannan shari'a.

Hukumar ba za ta janye izinin da kanta ba?

Sashe na 97 na dokar 1990 ya ba ta iko, amma sai ta biya mai ginin diyya, shi ya sa take jan ƙafa.

To me ya rage?

Maƙwabcin ya fara kai kuka ga hukumar. In bai gamsu ba, ya nufi ofishin sauraron koke-koke kan ƙananan hukumomi cikin wata 12. Ofishin zai iya ba da shawarar a nemi afuwarsa, a biya shi wani abu, ko a dasa masa itatuwan da za su kare gidansa. Soke izini kuwa ba ya cikin ikonsa, ginin zai ci gaba da tsayuwa.